Ɗaki na Bakwai

Shekara ashirin da biyu ina haya a gidan Alhaji Tanimu,
ɗaki na bakwai, jikin rijiya, a Agege, bayan layin dogo.
Da hannunsa yake karɓar kuɗinsa,
ya rubuta a bayan kwali,
wata ran ya ce, "Bari sai ka samu, tela."

Ranar sadakar arba'in aka farke ambulan.
Lauya ya zo daga Ikeja cikin baƙin kwat,
ya karanta da Turanci, aka fassara:
gidan na Tasalla ne,
ita da ta yi shekara huɗu tana juya shi a kan gado,
tana wanke abin da ba a faɗa.

Barau ya miƙe har hularsa ta faɗi:
"Babu wasiyya ga magaji! Ku tambayi liman."
Ɗantani, da rabonsa da gidan tun auren fari,
ya ce hannun tsoho rawa yake,
wannan sa hannun ya cika miƙewa.
Tasalla ba ta ce uffan ba,
ta kwashe kofunan shayi.

Damina uku ke nan.
Kotu ta ce kada a taɓa ko ƙusa,
ruwan Ikko kuwa bai san kotu ba.
Na jera bokitai gefen keken ɗinki.
Ƙarshen wata sallama uku nake amsawa,
kowa da rasit, kowa da hatimi,
kowa ya ce in na ba ɗan'uwansa in nemi wani ɗakin.

An kira ni shaida.
Na shiga danfo tun asuba, muka maƙale a Mangoro,
na isa ina gumi, aka ce an ɗage.
Da an tambaye ni, abin da na sani kaɗan ne:
ni na ɗinka musu kayan sallah su ukun,
turmi ɗaya uban ya kawo, ya ce a yanka,
Barau ya yi kuka don hannun rigarsa ya gaza,
Tasalla ta ce a rage daga zanenta.

An sayar da rumfar goro an biya lauyoyi.
Jiya sun yi kiciɓis a bakin ƙofa,
kowa ya kau da kai kamar baƙin tasha.

Kuɗin haya na cikin gwangwanin maɓallai,
wata talatin da shida, daure da zare.
Wasu takardun har sun fara fumfuna.