Ɗamarar Malam Davou

Kafin a kafa allo a bakin ƙofa
ɗakin ajiyar kuza ne a Farin Gada,
kwanon rufi ya huje kamar rariya.
In an yi ruwa sai mu jera bokitai
mu yi atisaye a tsakaninsu.

Malam Davou mai walda ne da rana,
hannunsa duk tabon tartsatsi.
La'asar sakaliya ya wanke fuska a famfo,
ya ɗaura baƙar ɗamara da ta koɗe
har ta koma launin toka,
ya ce, ku tuɓe takalma, nan makaranta ce.

Mu bakwai ne shekarar farko.
Sanyin Jos na cizon tafin ƙafa a siminti.
Rigunanmu buhun fulawa ne, ɗinkin Lantana tela,
a gadon bayan Sagir
ana iya karanta sunan kamfani.
Wanda ya ci jarrabawa
ya sayo galura a Taminus ya rina ɗamararsa.

'Yan achaɓa na leƙe suna shewa,
wai ga 'yan dambe ba kalangu,
ga 'yan kokawa ba laya.
Malam bai taɓa tanka musu ba.
Biyu daga cikinsu sun dawo da 'ya'yansu.

Shekarar da gari ya rikice
aka san unguwar da ba a shiga da wane suna,
wata huɗu kwaɗo na rataye a ƙofa.
Ranar da ya buɗe, mu biyar muka zo,
kowa na kallon yatsun ƙafarsa.
Ya tsayar da Sagir gaban Dung.
Ku rusuna, in ji shi. Suka rusuna.
Ku sake, ban ga wuyanku ya lanƙwasa ba.
Sai da suka yi sau tara
ya bari aka kai naushin farko.

Nanchin ce ta fara kawo mana lamba.
A bayan motar dankali ta tafi Kaduna,
ta dawo da tagulla a wuya da kumburarren leɓe,
ba ta iya dariya, mu muka yi mata.
Daga baya azurfa ta zo, kofi ya biyo.
Kofin na nan kan kanta,
Malam na zuba ƙusoshi a ciki.

Yanzu yara sun haura tamanin, har da katifa.
Gwiwar Malam ta daina lanƙwasawa,
yana zaune kan benci, ni ke ƙirga musu.
'Yata Zuwaira na layin gaba,
farar ɗamara ta zagaye ta sau uku.

Mun sauya kwano bara, ban da kusurwa ɗaya.
Ya hana a taɓa.
In hadari ya haɗo daga Naraguta
shi da kansa yake jan bokitin da sandarsa.