Barcin Zomo a Hawa na Huɗu

Kakata, can ƙauyenmu na bakin tafkin Balkash,
ta ce barcin zomo nake yi tun ina goye:
tunkiya ta yi tari a garke, na buɗe ido,
garwashi ya fashe a murhu, na tashi zaune.
Yau ga ni a Almaty, hawa na huɗu,
gado huɗu, taga ɗaya, bango kamar ɓawon albasa.

An ce barci ɓarawo ne.
To wannan ɓarawon ya san ɗakinmu sarai.
Yakan shigo ya sure Tomiris, takalmi a ƙafarta,
ya sungumi Janerke, littafi kife a fuska,
ya iso bakin gadona, ya ƙare mini kallo,
ya ga ba abin ɗauka, ya fice.

Sha ɗaya, butar lantarki tana huci.
Sha biyu, wani yaro a samanmu yana koyon dombira,
tsarkiya biyu tak, kuskure ɗari.
Wuri guda yake tuntuɓe tun watan Satumba,
har na haddace tuntuɓen,
ina jiransa kamar mai bin bashi.
Ƙarfe ɗaya, Ainagul a ƙarƙashin bargo
tana raɗa da saurayinta na Shimkent:
"Kai ka fara kashewa." "A'a, ke dai."
Saura ƙiris in ce ku miƙo in kashe muku.
Sai bututun ɗumama ɗaki ya karɓa:
ƙwas, ƙwas,
shiru har in saki jiki,
ƙwas.

Na cusa auduga. Na sayo matoshin kunne a kemis,
sai na koma sauraron zuciyata,
ita ma ba ta san dare ya yi ba.
Na danne kai da matashi, na sha na'a-na'a har ta gundure ni.
Na liƙa takarda a ƙofa: Don Allah, akwai mai jarrabawa.
Da safe na tarar an zana mujiya a ƙasanta,
kuma, gaskiya, ta yi kama da ni.

Daren jarrabawar kimiyyar sinadarai,
ƙanƙara na sauka a hankali kan motocin da ke waje,
ita kaɗai ce a garin nan ta iya tafiya da sanɗa.
Na naɗe bargona na gangara,
hawa uku, biyu, ɗaya, har ɗakin wanki na ƙasa.
Inji guda yana juya zannuwan wani,
wuu, wuu, ba hawa ba sauka,
irin kukan tukunyar da Kaka ke kaɗa nono.
Na jingina da shi. Ɗuminsa ya ratsa bayana.
Ashe ba ƙara ce ke tashina ba,
ba-zata ce.

Sai ga Inna Raushan mai gadin ƙofa,
makullai na kacau-kacau a ƙugunta.
Na gyara zama, ina jiran faɗa.
Ta dube ni, ta dubi bargon,
ta kwance makullan, ta ƙunshe su a gyalenta
don kada su yi magana.
Ta ce, "Shekara goma sha tara ina kujerar can,
ni ma ba ya zuwa mini. Kwanta."
Da injin ya tsaya, na ji ta sake kunna shi,
ba ko safa a ciki.

Na farka bakwai saura,
shatin kwandon roba a kumatuna.
Da shi na shiga jarrabawa. Na tsallake da kyar.

Yanzu nakan bar ƙaramar fanka tana juyi kusa da kaina,
ko da sanyi na cizon gilashin taga.
Ainagul ta koma yin wayarta a matakala,
ban roƙe ta ba, sai dai na ajiye mata tuffa biyu.
Ɓarawon yakan ɗauke ni wani lokaci,
ba kullum ba.

Shekaranjiya kuwa, wajen sha biyu da rabi,
yaron sama ya iso wurin nan nasa,
ya wuce sumul, bai yi tuntuɓe ba.
Na farka firgigit,
na zauna cikin duhu ina tambaya:
me ya faru?