Ƙarƙashin Aljihu na Uku

Mu huɗu muka sauko da shi daga hawa na shida,
a Toledo, ranar da dusar ƙanƙara ta toshe titi.
Lif ɗin ya riga kamfanin inshorar mutuwa.
Dwight ya ce nauyinsa ya kai na maraƙi,
na ce a'a, maraƙi ai yakan taimaka da ƙafafunsa.
Dala sha biyar na biya a gwanjo.
Mai sayen tsofaffin ƙarafa takwas ya taya.

A gareji na kunna fitila na dube shi.
Launin toka, tokar da ba ta taɓa sanin wuta ba.
Tsatsa ta kama ƙafar baya kamar gara a gindin azara,
shatin kofin gahawa ya hau kan shati a kusurwar dama,
ga tabon sigari tara a jere a bakinsa:
mai shi kan ajiye, ya ɗauki waya, ya manta.

Ƙarfe ba ya ƙarya.
Katako kan yi maka murmushi alhali ciki ya ruɓe,
wannan kuwa inda ya lotsa sai ya nuna maka.
Ka bi ta baya da guduma, sannu-sannu, kamar mai lallashi,
ka ji ya ce ɗam,
ya koma yadda aka haife shi.

Kwana uku ina kankarar fenti.
Ƙarƙashin toka kore, ƙarƙashin kore wata tokar,
kowane sabon manaja da launin da ya ga dama.
Samfefa ta cinye mini zanen yatsu
har wayata ta daina gane ni.

Aljihun farko: 'yan ƙarafan maƙala takarda,
sun yi tsatsa sun rungumi juna.
Na biyu: ƙyallen tafireta da tawadarsa ta bushe,
da ƙwayar maganin gyambon ciki guda ɗaya.
Na uku ya cije.
Na ba shi giris, na ba shi haƙuri, na ɗan zage shi,
da ya fito na kife shi a ƙasa,
sai ga rubutu da tsinin almakashi:
O. Pruitt.
Ƙasan sunan, zane ne tsaye-tsaye,
biyar-biyar a ɗaure kamar damin itace.
Sau biyu na ƙirga. Ɗari huɗu da sha ɗaya.

Makonni ne? Ko safiyoyin da ya ce yau zan ajiye aiki
sai kuma ya gyara zama ya ja takarda?
Babana ma akawu ne, shekara talatin da ɗaya.
In ya dawo yakan kashe mota ya zauna a ciki
minti goma, hannu a kan sitiyari,
muna leƙensa ta taga, miya tana hucewa.
Ba mu taɓa tambaya ba.

Na ɗaga injin gogewa.
Na ajiye.

Sauran jikin kam na murje shi har ya yi ƙyalli,
na fesa masa shuɗi irin na tafki da rani,
na shimfiɗa faranti mara tsatsa a samansa,
na yi masa waldar tayoyi huɗu, ya ɗan ƙara tsawo.
Nadim Karam mai gidan burodi ya saya, bai ko taya ba.
Ƙarfe huɗu na asuba yake kwaɓa a kai.
Inda aka sha buga hatimi a takardun mamata,
yanzu fulawa ce ke tashi.
Yisti a aljihun farko, wuƙaƙe a na biyu,
na uku ya cika shi da riɗi.
Ban gaya masa komai ba.

Ran Asabar na je sayen burodi,
na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin teburin,
safa ɗaya ja, ɗaya rawaya.
'Yarsa ce, Rima, kwance rigingine da tocila.
Nadim ya ce, rabu da ita, Marlene,
wai wani ya bar mata lissafi a can,
kullum sai ta shiga.
Jiya ta kai sittin.