Kiranye

Wasiƙar ta faɗo ta ramin ƙofa ran Talata,
tsakanin takardar kuɗin wuta da tallan abinci.
Dawowata ke nan daga aikin dare,
takalmin asibiti a hannu, ƙafa a kumbure,
Hull na ta yayyafinta kamar mai biyan bashi.

Suka ce: Ya mai mota, a yi haƙuri da mu.
Makunnin gilashin ƙofar direba,
an yi masa rowar giris tun a masana'anta.
Yana iya cijewa, ya yi zafi, ya narke.
Yana iya hayaƙi. Yana iya wuta.
A kawo ta, gyara kyauta ne.

Na zauna a kan matakala.
Shayi ya huce ban kurɓa ba.

Don ni na san ƙaurin nan.
Wata huɗu ke nan da ya shigo mana gida,
siririn ƙauri mai laɓewa a kujerar gaba
duk ranar da Sagir ya ari mota.
Na shinshina rigarsa, na zazzage aljihunsa,
na ce, Sagir, taba ka fara?
Ya ce, Umma, wallahi.
Na ce, kar ka ja sunan Allah a kan ƙarya,
ban tsallako teku ina juya tsofaffin wasu a gado
don ka zama ɗan hayaƙi ba.
Na karɓe makulli a gaban ƙanwarsa.
Bai yi musu ba. Kallona kawai ya yi,
irin kallon da ake yi wa jirgin da ya riga ya tashi.

Tun ranar bas yake bi zuwa kwaleji,
cikin duhun hunturu, kafin gari ya waye.
Gaisuwarsa ta koma kalma biyu,
tuwo a ɗaki, ƙofa a sakaye.

Ashe shi mai son iska ne,
sauke gilashi, ɗaga gilashi, ko ana zuba ƙanƙara.
Ni kuwa sai wajen biyan kuɗin gada
yatsana ke tuna da makunnin.

A garejin da ke kan titin Holderness,
wata yarinya, Kirsty, mai ɗan kunne a hanci,
ta ɓare cikin ƙofar kamar mai ɓare gyaɗa,
ta ɗora min abin a tafin hannu.
Bai kai babban yatsa ba,
gefe ɗaya ya yi baƙi kamar ƙanzo.
Ta ce, kin yi sa'a.
Na ce, ko zan tafi da shi?
Ta ce, na kamfani ne, amma ɗauki hoto.

Minti arba'in. Kofi ɗaya na inji, mai ɗanɗanon kwali.
Sa hannu nan, da nan.
Shi ke nan, wai an gama.

Kamfani ya san lambar kowace mota,
ya bi su gida gida, har wadda ta sauya hannu uku,
ya ce mun yi kuskure, ku dawo da ita.
Ni fa, wa zan aika wa wasiƙa?
Magana zarar bunu ce,
ban ga garejin da ke kiranyen
abin da uwa ta faɗa cikin fushi ba.

Ƙarfe huɗu na faka daura da tashar bas.
Ga shi can, hular riga a ka,
kafaɗun mahaifinsa, hannaye a aljihu.
Na danna.
Gilashi ya sauka sumul, ko ƙara babu,
ruwa ya shigo ya jiƙa min hannun riga.

Na ce, Sagir.
Ya juyo, bai matso ba.

Hoton yana cikin waya, jawabin yana cikin baki,
na tsara shi tun daga gareji,
sai ga shi ya cije min a maƙogwaro.
Na bar makulli a jiki, inji na aiki,
na fito, na zagaya ɗaya gefen,
na bar masa ƙofar direba a buɗe.