Kunnen Ƙashi

Tamanin da bakwai ne a rajistata,
a lakwal ɗinmu ta bayan Bagalam,
aji na zana, rufin kwano uku na roƙo.
Mantau yana layin ƙarshe, jikin turke,
inda inuwa ke fara gudu da hantsi.

Wata bakwai ina kiran sunansa.
Wata bakwai sai na kusa ya zungure shi
kafin ya ɗaga hannu.
Na rubuta da jan biro: kunnen ƙashi.
Sau biyu na sa shi durƙuso kan tsakuwa,
ya durƙusa yana kallon bakina
kamar mai jiran a jefa masa dabino.

Ran wata Laraba, goshin damina,
iska ta taso daga wajen Gulbi,
ta ɓalle kwano guda, ta maka shi bayan zana.
Yara suka watse kamar an jefi zabi.
Ni kaina alli ya kuɓuce mini.
Da na waiwaya,
Mantau na zaune, harshe a gefen baki,
yana gyara cikin harafin ba a allonsa.

Ban ƙara koyar da komai ba ran nan.

Uwarsa, Tsahara, na matsar ƙuli da na je.
Ba ta tsaya ba.
«Sanƙarau ne, mushe, shekara uku baya.
Da wuyan ya saki muka gode Allah.
A gida ai yana ji, in an taɓa shi.»
Man gyaɗa na ɗiga a kwano,
ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Takardar da nake cikewa ƙarshen wata
tana tambayar maza nawa, mata nawa,
benci nawa ya karye.
Na juya ta gaba da baya.
Sai na ja layi da kaina a gefe,
na rubuta: wanda ba ya ji, ɗaya.
Darakta ya ce wannan gurbin babu shi.
Na ce yaron akwai shi.

Likita ta ce na hagu ya tafi,
na dama da saura, kamar ruwa a gindin tulu.
Ta ce kada in kira abin taimako:
bashi ne, kuma ya daɗe a kanmu.

Yanzu yana gaba, kunnen dama wajena.
Na daina magana ina fuskantar allo.
Na aske gashin baki, matata ta yi dariya.
Jiya ya karanta layi biyu,
muryarsa ta fi ƙarfin ajin,
ba wanda na bari ya yi dariya.

Amma da dare lissafi ke hana ni barci.
Saura tamanin da shida.
Laure na manna hanci a littafi.
Nomau na rubuta sunansa daga ƙarshe.
Kuma kwano biyu kawai suka rage a rufin,
ba zan jira iska ta sake yi mini aikina ba.