Yoyo

Shekara sha tara ina bin bututu a gidajen Sheffield,
ni Tanimu mai famfo, ɗan Malumfashi.
Abin da nake fara koya wa yaron aiki:
inda silin ya jiƙe, ba nan bututu ya fashe ba.
Hau sama. Bi katako. Ruwa munafuki ne,
a banɗaki yake ɓarna, ya je falo ya yi kuka.

Sai ga ni cikin Nuwamba ina jan ƙafar hagu
kamar wanda ya aro ta.
Wata biyar da yanke mini hanji kamu guda,
aka haɗa baki da baki, aka ɗinke.
Tabo ya bushe. Har tuwo na koma ci.
To me ya haɗa ciki da cinya?

A asibitin unguwa aka ce tsoka ce,
tsuguno ya yi yawa, ga ƙwaya, je ka huta.
Saude ta gasa da tawul, ta shafa man zafi,
ta tofa abin da ta sani.
Cinya ta ƙi. Ta kumbura, ta yi sheƙi,
in ka danna sai ka ji ƙaras-ƙaras
kamar an taka busasshen ganye.
Da dare haƙora na kaɗawa cikin bargo uku.

Ranar da suka tsaga
wari ne ya fara ba da labari.
Nas ta kau da kai, ta dawo da murmushi, Allah ya saka mata.
Ni na san warin nan.
Na sha buɗe shi a ƙarƙashin gidajen mutane,
ban san ina yawo da shi a wando ba.

Likita Pritchard ta juyo mini da hoton,
ta ɗora bakin biro: nan ɗinki ya saki,
huji kamar ƙwayar gero.
Daga nan ya tsiyaya, ba sallama,
ya bi jikin tsokar da ke ɗaga ƙafa,
ya ratsa ƙugu, ya kama ɗaki a cinya.
Ta tsaya neman kalma mai sauƙi.
Na ce bari, likita, ashe ta ka aka danne bodari.
Ba ta gane ba.
Na ce a fara rufe babban famfo.
Ta yi dariya, ta ce abin da za mu yi ke nan.

Yanzu ina gado na huɗu, gefen taga,
roba na zuƙe mugunya daga ƙafa,
jaka manne kusa da cibiya,
hanji na hutu kamar layin da aka kashe don gyara.
Na tambayi malam ta waya, yaya alwala da jakar nan?
Ya ce yi sallarka, Mai ita ya san abin da ya rataya maka.

Ruwan sama na sauka a kan tuddai.
Saude na ɓare lemo, tana lissafin kuɗin wuta.
Ni idona na kusurwar silin,
akwai ɗan tabo ruwan ƙasa, bai fi tafin yaro ba.
Na nuna wa nas jiya.
Ta ce za a turo mai fenti.