Ƙofa Huɗu a Titin Lagrange

Shekara tara ina zubin adashi
da matan asibiti, mu 'yan aikin dare.
Da kwasata ta zo ban sayi gwal ba,
ban canja mota ba, tana nan da tarinta.
Na sayi gidan jan bulo a Toledo,
ƙofa huɗu, biyu sama biyu ƙasa,
ginin da ya girme ni, ya girmi babana.

Dillali ya ce, "Je ki kwanta,
kuɗi za su zo da ƙafarsu."
Tun ranar nake barci da waya a ƙarƙashin filo.

Lissafi a takarda ba ya yoyo.
Takarda ba ta san Janairu ba,
ba ta san tukunyar ɗumama gida
takan mutu da ƙarfe biyun dare ba,
ni da tocila a ɗakin ƙasa,
zani a kan wando, wando a kan wando,
ina roƙon mai gyara kamar mai neman gafara.

Lamba ɗaya Misis Wozniak ce,
ta riga ni shiga gidan da shekara talatin.
Ɗaya ga wata cakinta na cikin ambulan,
rubutun yana rawa, adadin ba ya rawa.
Ni ce mai gida a wajen hukuma,
ita ta san tagar da ke kuka
in iska ta taso daga tafki.

Lamba uku Darnell, da 'yarsa mai giɓi.
An rufe layinsu a masana'anta,
wata biyu ambulan bai sauko ba.
Lauya ya ce abin mai sauƙi ne:
takarda ɗaya, a manna a ƙofa.
Na hau bene da ita a hannu,
a mataki na bakwai sai ga Tudun Wada,
ga ranar da mai gida ya turo kafinta
ya cire mana ƙyauren ɗaki,
Inna ta rataya zaninta a gurbin,
ta ce mu ci tuwo, kar mu dubi waje.

Na ninke takardar. Ban yaga ba,
banki ba ya karɓar tausayi.
Na ƙwanƙwasa, muka zauna da biro:
rabi yanzu, rabi in ya samu,
fentin baranda kuma a wuyansa.
Ya shafa kore. Ban ce kore ba.
Na yi shiru.

Yaya Haladu ya kira daga Funtuwa,
"An ce kin zama mai gidaje a Amurka!"
Na ce gida ɗaya ne, Yaya,
shi ma ni da banki muke riƙe da shi,
su da kai da gangar jiki, ni da wutsiya.
In an cire haraji, an cire inshora,
an sallami mai famfo da mai kwashe shara,
abin da ya rage a watan jiya
dala ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Ya yi dariya, ya ɗauka rowa ce.

Saura shekara ashirin da biyu.
Na ƙirga: lokacin gwiwata ta gama da bene.
Giginya na dasa, na sani,
na nesa ka sha inuwarta,
na nesan nan kuwa Rumasa'u ce,
da ke aji huɗu, take ƙorafin
Asabar ɗinta na ƙarewa a wanke matakala.

Yau da asuba na taso daga aiki,
na biya in watsa gishiri a bakin ƙofa
kar tsohuwa ta zame a ƙanƙara.
Taga uku da haske, ɗaya duhu.
Hayaƙi na fita ta bututun rufi,
wato tukunya na da rai.
Wani yana soya albasa a sama.
Na tsaya da bokiti a hannu
har sanyi ya cije min kunne,
sannan na tuna ban duba mitar ruwa ba.